Tes ɗin da ake tura wa masu jego, da abin da ke faruwa bayan wayar ta yi ƙara

Maganar da nas-nas ke yi ranar awo ba ta canza ba shekara da shekaru: a sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, nono zalla har wata shida ko ruwa kar a ba shi, daga nan a fara abinci ana ci gaba da shayarwa har shekara biyu ko fiye. Matsayin Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF ke nan, shi kuma hukumar lafiya ta Ghana ke bi. Babu macen da ta yi awon ciki a asibitin Manhyia ko Gee, wato babban asibitin Komfo Anokye, ko wani ƙaramin kilinik a unguwar Aboabo nan Kumasi da ba ta ji wannan ba, wasu ma in ka tare su a hanya za su karanto maka shi tas. Amma duba alƙaluman. A binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2008, kashi 63 cikin 100 na jariran da ba su kai wata shida ba ne ke shan nono zalla. A 2014 ya sauko 52, wani binciken na 2017 zuwa 2018 ya samu 43, sai a 2022 ya ɗan farfaɗo zuwa 53. Wato har yau kusan rabin jariranmu ana haɗa musu da wani abu, ruwa ne ko koko ko madarar gwangwani, alhali uwayen sun san abin da aka ce.

Dalili ɗaya a fili yake. Awo sau ɗaya ne a wata, layi ga shi nan, nas biyu ko uku mata sun fi hamsin, a rataya yaro a sikeli a rubuta a littafi a yi allura, na gaba. Ita kuwa matsalar shayarwa ƙarfe biyu na dare take zuwa, yaro na tsala ihu, kan nono ya tsage, maƙwabta a ɗakin kusa sun fara tari da gangan. A wannan lokacin babu nas, wanda ke kusa shi ke da magana. Daga nan tunanin tura saƙo ta waya ya samo asali, tunda wayar tana nan a gefen filo.

Yadda ake tsara shi ba wuya. Ana rajistar mace da lambar wayarta da ranar da ake sa ran haihuwa ko ranar da ta haihu, kwamfuta ta riƙa ƙirga makonni tana tura saƙon da ya dace da shekarun yaron, sau ɗaya ko biyu a sati. Duk ƙarfin abin a wannan ƙirgen yake. Maganar dakashi, wannan nonon farko mai kauri rawaya da wasu ke tatsarwa su zubar wai datti ne, dole ta iso kafin naƙuda, in ta zo ranar suna an riga an zubar. A kwana biyu ukun farko da nono bai kawo sosai ba, a lokacin ne ya kamata mace ta ji cewa cikin jariri ranar farko bai wuce ya ɗauki cokalin shayi ɗaya ba ko ɗaya da ɗan abu, ɗan abin da ke fitowa ya ishe shi, kuma tsotson ne ke kawo ruwan. Sai wajen sati na biyu zuwa na uku, da sati na shida, da wata uku, lokutan da yara da yawa ke ƙara ci su manne wa nono kamar ba sa ƙoshi, a nan ne mafi yawan mata ke yanke hukuncin cewa nononsu ba ya isa. Alhali jiki yana yin nono ne gwargwadon yadda ake cire shi. Ta sayo madarar Lactogen ta sa a fida, yaro ya ƙoshi ya yi barci mai tsawo, tsotso ya ragu, nonon ya ragu da gaske, abin da take tsoro ya tabbata, kuma ba wanda zai iya gamsar da ita cewa fidar ce ta jawo. In da saƙo ya riga wannan daren da kwana uku ya ce mata kwanan nan zai ƙara nema, ki ƙirga fitsarinsa, in yana jiƙa famfas ko tsumma sau shida ko fiye a yini kuma nauyinsa na hawa a littafin awo to yana samu, da wataƙila gwangwanin ya tsaya a shago.

To ya taɓa aiki a wani wuri? Ya yi, amma a karanta sakamakon da kyau. A Shanghai ta ƙasar Sin an gwada tura tes sau ɗaya a sati ga masu haihuwar fari, aka buga sakamakon a 2014: waɗanda suka kai wata shida a nono zalla kashi 15 ne cikin masu samun saƙon, kashi 6 cikin waɗanda ba sa samu. Ya ninka, gaskiya, amma 15 dai 15 ne. Wanda ya fi kusa da mu shi ne na jihar Bauchi a Najeriya, shi ma 2014 aka buga shi. Can matan ƙungiyoyin ƙananan bashi aka yi aiki da su, a taronsu na wata-wata a yi musu darasin shayarwa, kowace 'yar ƙungiya a ba ta waya guda ɗaya da ake turo wa tes da saƙon murya duk sati, su kuma matan su mayar da saƙon waƙa ko wasan kwaikwayo su yi a gaban sauran. Nono zalla har wata shida ya kai kashi 64 a wajensu, 43 a wajen waɗanda ba a yi wa komai ba. Masu son sayar da manhaja suna yawan kawo wannan a matsayin hujjar cewa tes na aiki, ni kuma abin da na gani a ciki daban ne. Wayar ta rukuni ce, mata biyar shida suka saurara tare, suka yi musu a kai, suka yi dariya, suka rera. Ba yadda za a yi a ware a ce ga rabon tes ga rabon zaman taron. Kuma a irin waɗannan binciken bakin uwa ake tambaya, macen da aka yi wata shida ana gaya mata amsar da ake so za ta iya ba da ita ko da ana ɗan ɗura ruwa a gida.

Mu ma nan Ghana an riga an taka wannan hanya. A 2010 aka fara wani shirin saƙon lafiya ta waya mai suna MOTECH a Kassena-Nankana can wajen Navrongo, haɗin gwiwar hukumar lafiya ta ƙasa da Gidauniyar Grameen da Jami'ar Columbia ta Amurka, da kuɗin Gidauniyar Gates. Ɓangaren masu ciki da masu jego sunansa Mobile Midwife, wato ungozomar waya. Aka ba mata zaɓi, tes ko murya da yarensu, kusan dukkansu murya suka zaɓa. Daga baya da aka bibiyi shirin sai aka tarar saƙonni masu yawa ba su ma isa wayoyin ba saboda matsalar na'ura da sabis. Darasi biyu ke nan da aka biya kuɗi aka saya tun shekaru sama da goma, amma har yanzu in wani sabon shiri ya zo sai ka ji ana ta lissafin saƙo dubu nawa aka tura, ba a faɗin nawa aka saurara har ƙarshe.

Maganar murya ta fi shafarmu mu 'yan zango fiye da kowa. Hausa muke yi a gida da kasuwa da masallaci, daga Asawase har Sawaba har Tafo, har waɗanda asalinsu Mosi ne ko Dagomba ko Zabarma ko Kotokoli. Amma Hausa ba ta cikin harsunan da ake koyarwa a makarantun gwamnatin Ghana. Wadda ta yi boko Turanci take karantawa, wataƙila da Twi, wadda ta yi makarantar allo Larabci ta iya bi, kaɗan ne suka saba karanta Hausar boko a guje. In ka tura da Turanci ka bar rabin matan a baya, in ka tura da rubutacciyar Hausa irin ta Kano mai ɗauke da kalmomin da ba ma amfani da su a nan, sai ta miƙa wa ɗanta na firamare ya yi ta kame-kame. Akwai ma wata 'yar matsala ta fasaha: tes ɗaya haruffa 160 yake ɗauka, amma da zarar an sa harafi mai lanƙwasa irin ƙ ko ɗ sai ya koma 70, kuɗin turawa ya ninka, a wasu ƙananan wayoyin kuma akwati-akwati ke fitowa a maimakon harafin. Sannan tes a Ghana ya riga ya ɓata sunansa. Tallan caca, tallan bashi, da 'yan damfarar MoMo, wato kuɗin waya, masu cewa sun yi kuskuren turo kuɗi a mayar musu, su suka cika akwatin saƙo, har mutane sun koyi share duk abin da bai zo daga lambar da suka sani ba. Ga canza sim, ga layukan da aka rufe lokacin rajista da Ghana Card, ga wayar da ta miji ce yana kasuwar Kejetia da ita tun safe.

Amma a ce duk an warware waɗannan, saƙon ya iso da muryar mace mai Hausar zango, mai jego ta ji ta gane. Nan ne ainihin maganar take, kuma nan ne nake ganin yawancin masu tsara shirin ke yin kuskure, domin suna ɗauka uwar jariri ce ke yanke hukuncin abin da zai shiga bakinsa. A haihuwar fari, a cikin kwana arba'in ɗin nan, wace yarinya ce ke da wannan ikon? Ko tana gidan iyayenta wanka, ko uwar miji ta tare a ɗakin, ko wata gwaggo. Su ke dafa ruwan wanka, su ke yi wa jariri wanka su gasa cibiya, su ke dama kunu. A watan Maris da rana tsaka, ɗaki ɗaya rufin kwano, an ɗauke wuta fanka ta tsaya, jariri na zufa yana mutsu-mutsu, tsohuwa ta ɗebo ruwa a murfin flas.

"Mma, nas ta ce kar a ba shi ruwa sai ya yi wata shida."

"Ke Amarya, nas ɗin ce ta haifa miki mijin? Tara na haifa duk da ruwa na raine su. Wannan zafin ko babba ya sha ruwa balle ɗan tayi. Miƙo shi nan."

Ta miƙa, me za ta yi? Kunya ba za ta bar ta ta ja da uwar miji a kan jikanta ba, kuma tsohuwar ba mugunta take yi ba, tausayi ne. Amsar tana nan: kusan kashi 87 cikin 100 na nono ruwa ne, na farkon da ke fita in yaro ya kama ya fi tsinkewa shi ke kashe ƙishi, in ana zafi sai a ƙara yawan ba shi, uwar ce za ta sha ruwan. Ruwan da aka ɗura masa kuwa ya cika ɗan cikin da nono zai shiga, in kuma ba mai tsabta ba ne ga gudawa. Sai dai wannan amsar daga bakin suruka rashin kunya ce. In daga waya ta fito, an saki lasifika, muryar wata dattijuwar ungozoma tana cewa Hajiya barka da samun jika, ga abin da muke roƙonki ki taimaka wa yarinyar nan da shi, to magana ta canza, an ba tsohuwa girmanta an kuma ba ta aiki. Shi ya sa a ganina ranar rajista lamba biyu ko uku ya kamata a karɓa, ta mai ciki, ta wadda za ta yi mata jego, da ta miji tunda shi ke sayo gwangwanin yana ganin gata ya yi. Kowa da irin nasa saƙon.

Haka batun zamzam da rubutu da ɗauri da zuma. Zuma dai likitoci sun hana ba yaron da bai kai shekara ba saboda wata ƙwayar cuta da kan iya shanye masa jiki, wannan a faɗe shi kai tsaye. Sauran kuwa nas ba ta da bakin magana a kai, in ta yi ma cewa za a yi 'yar boko ce. Malaman da matan ke zuwa wajensu karatu ranar Asabar da Lahadi su ake ji, kuma Alƙur'ani ya riga ya ambaci shayarwa shekara biyu cikakku a suratul Baƙara aya ta 233, saboda haka ba baƙon abu za a roƙe su su faɗa ba. Minti ɗaya na muryar malama da aka sani a unguwa ya fi tes ashirin.

Wani abin da ke raba shiri mai amfani da na ado shi ne ko ana iya mayar da amsa. Afirka ta Kudu ta fara MomConnect a 2014 ƙarƙashin ma'aikatar lafiyarta, kuma abin da ya ɗaga shi shi ne mace na iya tura tambaya ko ƙorafi a amsa mata, daga baya ma suka ƙara da WhatsApp. Saƙon da kwamfuta ta tsara ba ya ganin nonon da ya kumbura ya yi ja da zazzaɓi, ba ya ganin yadda yaro ya kama kan nono kawai bai haɗa da baƙin ba, wanda shi ne ke kawo tsagewa. Waɗannan sai ido da hannu. Iyakar abin da waya za ta yi shi ne ta ce in kin ga kaza kar ki jira ranar awo, tafi yau, ta kuma ba da lambar da mutum zai ɗauka. Nan kuma kuɗin yake, don tura saƙo araha ne, albashin mai amsawa ne ke kashe shiri da zarar masu ba da tallafi sun tattara sun tafi.

Akwai kuma abin da saƙo ko na wane iri ba zai gyara ba. Dokar ƙwadago ta 2003 ta ba mai haihuwa hutun aƙalla sati 12, da awa ɗaya a lokacin aiki don shayarwa. Sati 12 wata uku ne, ana kuma ce mata wata shida. Wannan ma ga mai aikin albashi ke nan. Mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, da ke tashi ƙarfe uku na dare, mai koko da ƙosai a bakin titi, tela, mai kitso, balle 'yan kayaye, mata masu dako, da ke kwana a barandar shaguna da goyo, ba wanda ke biyansu hutu, ana yin arba'in wasu ma kafin nan sun koma. Tura wa irin wannan matar "ki ba da nono zalla" kowane sati ba tare da an ce ga yadda za ki yi ba ɗora mata laifi ne kawai. Saƙon da zai amfane ta shi ne mai cewa ga yadda ake tatsa da hannu a kofi mai murfi da aka wanke da ruwan zafi, zai yi kamar awa huɗu a inuwa ba firji, a ba yaro da ƙaramin kofi ko cokali kar a sa a fida, da dare kuma ki bar shi ya sha iya shansa.

Ana yawan tsayawa a wata shida kamar an gama, alhali a wajenmu wahalar ma daga nan take farawa. Binciken 2022 ya nuna kusan rabin yaran Ghana 'yan wata shida zuwa shekara biyar na da ƙarancin jini, kusan 18 cikin 100 na 'yan ƙasa da biyar kuma sun tsumbure. A wajen wata shida sinadarin ƙarfe mai yin jini da yaro ya zo da shi daga ciki ke ƙarewa, nono kaɗai ba ya cike gurbin. Mu kuma me muke fara ba shi? Koko, an tace an ƙara ruwa ya tsinke don ya bi ta fida, a zuba sikari. Cikinsa ya cika taf amma ruwan gero ne. A nan saƙo na da fili sosai saboda gyaran ba ya buƙatar Cerelac, abubuwan suna nan a kasuwar Aboabo: a dama kunun da kauri yadda zai tsaya a cokali, a zuba garin busasshen kifi ko garin gyaɗa da aka tsince ruɓaɓɓun, ko waken soya, gwaiduwar ƙwai, ɗan manja, a murƙushe tuwo da miyar ayoyo ko zogale ko kontomire, ganyen gwaza, kafin a sa barkono, ayaba da gwanda. Tom brown da weanimix, garin kunun hatsi da aka haɗa da wake ko gyaɗa, da nas-nas ke koyarwa duk wannan dabarar ce. Sau biyu zuwa uku a yini daga wata shida zuwa takwas, uku zuwa huɗu daga wata tara, a kwanonsa shi kaɗai don a ga abin da ya ci, ba a sa shi cikin yayyensa su wawushe ba. Kuma a daina ɗure, wannan danne yaro a cinya a toshe hanci a zuba koko, yana iya sarƙewa ya wuce huhu. Abu ɗaya a saƙo ɗaya, a faɗi abin da za a yi gobe da safe da kayan da ke gidan, ban da dogon bayanin sinadarai.

Sai a kula da waye ke turowa. Jerin lambobin mata masu jego da ranar haihuwar 'ya'yansu dukiya ce ga mai sayar da madara, ya san daidai satin da uwa za ta fara shakkar nononta. Ghana na da dokar 2000 mai lamba LI 1667 da ta hana tallata madarar jarirai ga jama'a, bisa ƙa'idar duniya ta 1981, akwai kuma dokar kare bayanan mutane ta 2012. Amma a WhatsApp da TikTok wa ke dubawa? Guruf ɗin matan unguwa, na 'yan adashi, na biki, kullum cike suke da saƙon murya, wannan na tallan shayin ƙara nono, waccan na cewa a sa wa jariri kaza a koko ya yi ƙiba, ana ta turawa gaba. Hanyar a buɗe take tuni kuma matan sun amince da ita, masu sayar da kaya sun riga ma'aikatan lafiya shiga. Shi ya sa duk shirin da za a kawo zango ya kamata mace ta fara jin sa daga bakin nas ɗin da ke auna mata yaro, a ajiye mata lambar a wayarta da sunan kilinik ɗin a gabanta, a kunna mata saƙon farko ta ji muryar, a kuma tambaye ta ƙarfe nawa take so a riƙa kira, don mai waakye da ta tashi tun uku na dare ba za ta ɗauki waya da hantsi tana tsakiyar zuba wa layi abinci ba.